Al'adun Bazara da Bikin Ista a Ƙasar Finlan



GABATARWA

Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba al'adun da mutanen ƙasar Finlan, watau Finawa, suka gada game da fitar hunturu da shigowar bazara, da yadda waɗannan al'adu suka tattaru a cikin bikin Ista da iyalai suke yi a gidajensu. Mai yiwuwa wani ya tambayi abin da ya kai malamin Hausa ƙurewar arewacin Turai. Dalilin a fili yake. Duk ɗalibin da ya zurfafa a nazarin tatsuniya ya taɓa cin karo da sunan Antti Aarne, masanin nan ɗan Finlan da ya fito da tsarin rarraba tatsuniyoyi gida-gida a shekarar 1910, wanda Stith Thompson na Amurka ya faɗaɗa daga baya. Finawa suna cikin al'ummomin da suka fi ƙwazo wajen adana adabinsu na baka a rubuce. Saboda haka a wurinsu ana iya bin sawun al'ada guda har shekara ɗari huɗu ko fiye, a ga inda ta faro, da inda ta karkata, da abin da ya karkatar da ita.

Abin da nake so in nuna shi ne, yawancin abubuwan da yaran Finlan suke yi yau da sunan wasa, a dā manya ne suke yin su da gaske, domin tsoron yunwa da mutuwar dabbobi. Haka kuma al'adar da ta fi shahara a cikinsu, wadda baƙo zai zaci ta fi kowace tsufa, ba ta sami siffarta ta yanzu ba sai a wajejen shekarun 1970 da 1980, kuma yaƙi da gudun hijira ne suka share mata hanya.

ƘASAR DA YANAYINTA

Finlan tana iyaka da Suwidin ta yamma, da Norwe ta arewa, da Rasha ta gabas. Mutanenta sun kai kimanin miliyan 5.6. Ta zauna ƙarƙashin sarautar Suwidin har shekarar 1809, sa'an nan ta koma hannun Sarkin Rasha, kafin ta sami mulkin kai ranar 6 ga Disamba, 1917.

Tilas ne mu daidaita ma'anar kalmar bazara tun yanzu. A wurinmu bazara lokacin zafi ne da ke gabatar damina. Abin da Finawa suke kira kevät kuwa lokaci ne na narkewar dusar ƙanƙara da dawowar hasken rana, daga watan Maris zuwa Mayu. Amma akwai abin da ya haɗa biyun, wanda ya sa na amince da kalmar: dukkansu lokaci ne na jira, rumbu ya yi ƙasa, shuka kuwa ba ta soma ba.

A birnin Helsinki, wanda ke kudu, yinin ƙarshen Disamba bai cika awa shida ba, alhali na ƙarshen Yuni yakan kusa awa goma sha tara. A can ƙurewar arewa kuwa rana takan yi kwana hamsin ba ta fito ba. Manomin dā yakan kulle shanunsa a ɗaki wata bakwai ko takwas, yana ciyar da su da harawar da ya tara. Kafin bazara ta kama harawar ta ƙare, an koma ga kara da ganye, nono ya ƙafe, wata saniyar ma sai an taru an ɗaga ta kafin ta iya tsayawa da ƙafafunta. Idan saniya ta mutu, an rasa man shanu, an kuma rasa taki. Idan aka rasa taki, gona ta mutu. Finawa sun san yunwa ido da ido. Wadda aka yi daga 1695 zuwa 1697 ta kashe tsakanin rubu'i da sulusin jama'ar ƙasar, ta 1866 zuwa 1868 kuma ta ci rayuka fiye da dubu ɗari. A irin waɗannan shekaru akan daka ɓawon itace na ciki a gauraya da gari a yi burodi. Wanda bai riƙe wannan a zuciyarsa ba, zai ɗauki duk abin da zan faɗa a matsayin shirme.

INDA LABARIN YA FITO

Addinin Kirista ya shiga Finlan ta ƙofa biyu. Cocin Katolika ya shigo ta yamma tare da Suwidawa tun wajen ƙarni na 12, cocin Otodoks kuma ya shigo ta gabas daga birnin Novgorod zuwa yankin Kareliya. Yarjejeniyar da Suwidin da Novgorod suka ƙulla a 1323 ta raba ƙasar tsakanin ƙofofin biyu. A ƙarni na 16 yamma ta bar Katolika ta bi tafarkin Luta. Wannan rabuwa ta gabas da yamma ita ce ƙashin bayan laccarmu.

Mikael Agricola, malamin cocin Luta wanda ya fara rubuta littattafai da harshen Finawa, ya fassara Sabon Alkawari a 1548. A gabatarwar fassarar Zabura da ya buga a 1551 ya lissafa sunayen abubuwan bautar mutanen Hame da na Kareliya. Ya yi haka ne domin ya kushe su, sai ga shi lissafinsa ya zama mafi tsufan shaidar da aka mallaka game da addinin gargajiyar Finawa. A ciki ya ambaci Ukko, mai mallakar sama da tsawa da ruwa, ya kuma ce idan aka yi shukar bazara akan taru a sha giya da sunansa, 'yan mata da matan aure su bugu. Bikin nan ana kiransa Ukon vakat, daga sunan akushin katako da ake zuba abinci da iri a ciki, kuma roƙon ruwan sama ne. Har yau kalmar tsawa a harshensu, ukkonen, daga sunan Ukko ta fito.

A 1831 aka kafa Ƙungiyar Adabin Finawa. Elias Lönnrot, likita kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ya yi tafiye-tafiye yana rubuta waƙoƙin baka, ya harhaɗa su cikin littafin Kalevala a 1835, ya faɗaɗa shi a 1849. Bayansa ɗalibai da malaman makarantu da manoma suka ci gaba da aika wa ƙungiyar abin da suka ji daga bakin tsofaffi, tare da sunan ƙauye da shekara. Daga irin wannan taska Kustaa Vilkuna ya rubuta littafinsa kan al'adun kwanakin shekara a 1950.

LASKIAINEN: RANAR ZAMIYA

Al'adun bazara suna farawa mako bakwai kafin Ista, da ranar da ake kira laskiainen. Sunan ya fito daga kalmar da ke nufin sauka, watau sauka cikin azumin kwana arba'in na Kirista. A zamanin Katolika wannan ce ranar ƙarshe ta cin nama da maiƙo. Da tafarkin Luta ya zo aka daina tilasta azumin, amma ranar ba ta mutu ba, sai ta koma ranar aikin mata. A wannan rana ake ajiye kaɗi, domin haske ya soma isa a kafa masaƙa.

Mutane sukan hau tudu su zamo bisa katakon zamiya a kan dusar ƙanƙara, suna kirarin roƙon amfanin gona. Abin da suka fi roƙo shi ne wani tsiro mai kama da rama wanda ake saƙa tufafin lilin da zarensa. Sun yi imani cewa gwargwadon nisan zamiyar mutum, gwargwadon tsawon da tsiron gonarsa zai yi. Mata sukan saki gashinsu su taje shi domin zaren ya yi tsawo da sheƙi. Akan kuma ci abinci mai maiƙo sosai domin shanu su yi nono, dabbobi su yi ƙiba. A cikin kirarin, mai zamiya yakan roƙa wa gidansu dogon zare, ya yi wa maƙwabci fatan gajere. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

A yau ba mai damuwa da tsawon zare. Yara da ɗaliban jami'a ne suke zamiya, a sha romon wake, a ci wani burodi mai zaƙi da aka cusa wa kirim.

MAKON SHIRU DA MAYUN SHANU

Ranar Ista tana faɗowa ne a Lahadin farko bayan cikar wata da ta biyo 21 ga Maris, saboda haka tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Finawa suna kiranta pääsiäinen, daga kalmar da ke nufin kuɓuta ko fita, watau fita daga azumi. Makon da ke gabanta shi ne makon shiru, kuma kowace rana a cikinsa tana da suna da aikinta. Talata ta fere tsinken hura wuta ce, Laraba ta ɗaura wa shanu ƙararrawa.

Sunayen Alhamis da Asabar suna koya mana wani abu. Alhamis ana ce mata kiirastorstai. Asalin sunan daga tsohon harshen Suwidin ne, ma'anarsa Alhamis ta tsarkakewa. Amma manomin Finlan bai san ma'anar ba, sai ya ɗauka kiira wani mugun iska ne. Daga nan aka sami al'adar korar kiira: a ɗora tukunyar kwaltar itace mai cin wuta bisa katakon zamiya, a rataya ƙararrawa da tarkacen ƙarfe, a ja ana zagaya gida domin hayaƙi da ƙara su kore shi. Haka Asabar, lankalauantai. Farkon sunan daga kalmar Suwidin ne mai nufin tsawo, amma ya yi kama da kalmar Finawa mai nufin zare, sai ranar ta zama ta wanke zare da rina shi. Kun ga ke nan, wani lokaci kalma ce take riga al'ada zuwa, jama'a su ƙirƙiro aikin da zai dace da ita.

Juma'ar makon ana kiranta doguwar Juma'a. Ba a ziyara, ba a wasa, a gidaje da yawa ko wuta ba a hurawa. A aƙidar Kirista, daga wannan rana zuwa asubahin Lahadi Yesu Almasihu yana cikin kabari. Mutanen yammacin Finlan, musamman lardin Pohjanmaa, sai suka fahimci cewa a waɗannan darare biyu duniya ba ta da mai tsaro, miyagu sun sami sarari. A nan ne trulli take fitowa.

Zan kira ta mayya domin sauƙi, amma ita ba kurwar mutum take kamawa ba. Arzikin shanu take sata. Takan shiga ɗakin dabbobin maƙwabci da dare, ta yanki gashin wutsiyar saniya, ko ulun tunkiya, ko ɗan gefen kunne, ta kai gidanta, da nufin nono da man shanun wancan gida su koma nata. Tushen wannan shi ne imanin cewa arzikin ƙauye ƙididdigagge ne, ba ya ƙaruwa, sai dai ya tashi daga wani gida ya koma wani. Shi ne abin da ya sa mai zamiya yake yi wa maƙwabci fatan gajeren zare. Masanin al'adu George Foster ya bayyana irin wannan tunani a 1965, bisa abin da ya gani a wurin manoman Meziko.

Domin tsaro, akan zana gicciye da kwalta a ƙofar ɗakin shanu, a saka wuƙa ko gatari a bakin ƙofa, a harba bindiga sama. Ranar Asabar da yamma kuma a hura babbar wuta a fili, a zuba mata ɗanyun rassa domin ta yi hayaƙi da tartsatsi da yawa. Har yanzu ana hura wutar Ista a ƙauyukan Pohjanmaa, ko da yake ta zama wurin taruwar iyalai. Da asubahin Lahadi kuwa, akan hau tudu a jira fitowar rana, domin an ce a wannan safiya rana takan yi rawa saboda murna.

Masu sauraro, kada mu mance cewa wadda ake zargi da maita mutum ce mai suna da dangi, sau da yawa tsohuwa ko matalauciya. Daga 1668 zuwa 1676 wata guguwar shari'ar mayu ta ratsa daular Suwidin, aka kashe mutane kimanin ɗari uku. A garin Torsåker kaɗai an kashe 71 a rana guda a 1675. Zargin shi ne mayun suna sace yara su tashi da su zuwa wani wuri mai suna Blåkulla, wanda Finawa suke kira Kyöpelinvuori, kuma yawancin shaidun da kotuna suka saurara yara ne. Finlan tana cikin daular a lokacin, tsoron kuma ya taɓa gaɓarta ta yamma. Daga baya, sai ga matasa a Suwidin suna yin shigar mayu ranar jajiberen Ista domin raha, daga can wasan ya ƙetaro teku zuwa yammacin Finlan.

RESHEN ALBARKA NA KARELIYA

Yanzu sai mu juya gabas. A Kareliya, inda cocin Otodoks ya yi ƙarfi, akwai al'adar da ake kira virpominen, wadda ake yi ranar Lahadin da ta rage mako ɗaya a yi Ista. Kirista suna tunawa a ranar da shigar Yesu birnin Urushalima, inda jama'a suka tarye shi da ganyen dabino. Dabino ba ya fita a Finlan. Abin da ya fara nuna alamar rai a wannan lokaci shi ne wani itace na bakin ruwa, wilo, wanda ke fitar da 'yan toho masu laushi, ruwan toka, da Finawa suke kamantawa da 'yan kyanwa. Sunan al'adar ma daga kalmar Rashanci verba ya fito, watau sunan wannan itace.

Akan yanko rassan, a ƙawata su da takarda mai launi da ƙyalle, a kai coci ranar Asabar a sa musu albarka. Da sassafen Lahadi yara sukan bi iyaye da kakanni da iyayen baftisma da maƙwabta, su ɗan taɓa su da reshen, suna karanta 'yar gajeriyar waƙa mai roƙa wa mutum lafiya da ƙarfi har shekara ta zagayo. Yaro yakan bar wa mutumin reshen. Ladansa ƙwai ne, amma ba ya karɓa sai bayan mako guda, ranar Ista, tun da ana cikin azumi. Ba 'yan Otodoks kaɗai suke yi ba, maƙwabtansu mabiya Luta a kudancin Kareliya ma sun ɗauka.

Reshen ba a yar da shi. Akan soke shi bayan hoton ibada a kusurwar ɗaki har ranar Jyri, watau Waliyyi Jojis, 23 ga Afrilu, wadda ta zama alamar sakin dabbobi zuwa kiwo. Da wannan reshe uwargida take kora shanu waje, domin albarkarsa ta tsare su daga kyarkeci da beyar. Kun ga damuwar gabas da ta yamma ɗaya ce, watau saniya. Yamma ta tunkari abin da wuta da ƙarfe domin korar mugu, gabas kuma da reshe da addu'a domin jawo alheri.

YAƘI, HIJIRA DA HAƊUWAR AL'ADU BIYU

Waɗannan al'adu biyu sun yi ɗaruruwan shekaru kowace a ɓangarenta. Yaƙi ne ya gama su. Finlan ta gwabza da Tarayyar Sobiyet daga 1939 zuwa 1940, ta sake gwabzawa daga 1941 zuwa 1944, ta rasa babban yanki na Kareliya har da birnin Viipuri. Mutane fiye da 400,000, watau sama da kashi goma cikin ɗari na jama'ar ƙasar, suka bar gidajensu. A cikinsu akwai mafi yawan mabiya cocin Otodoks na ƙasar, har sufayen gidan ibada na Valamo sai da suka ƙaura zuwa Heinävesi a 1940. Gwamnati ta yi doka a 1945 ta raba wa manoman cikinsu filaye a sassa daban-daban. Ta haka yaron Kareliya ya shiga aji ɗaya da yaron yamma, reshen wilo ya isa garuruwan da ba su taɓa saninsa ba.

Sauyi na biyu shi ne barin gona. A 1950 fiye da kashi 40 cikin ɗari na ma'aikatan Finlan a noma da aikin daji suke. A shekarun 1960 da 1970 dubban ɗaruruwa suka kwarara zuwa birane da masana'antun Suwidin, yau kuwa waɗanda suka rage a noma ba su kai kashi biyar ba. Mazaunin bene a birni ba shi da saniyar da za a sace wa arziki, ba shi kuma da wadda zai kora da reshe. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A makarantun reno da unguwannin birane, al'adun biyu suka narke suka zama ɗaya. Yarinya ta ɗaura kallabi, ta sa tsohon siket, ta shafa ja a kumatu ta ɗiga baƙi-baƙi, ta riƙi butar kofi ta tagulla, watau shigar mayyar yamma ke nan. A ɗaya hannun kuma ta riƙi ƙawataccen reshen wilo, ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta karanta addu'ar gabas, a jefa mata ƙwan cakulan a buta nan take. A yawancin ƙasar ranar Lahadin dabino ake yi, a Pohjanmaa kuwa har yanzu Asabar ɗin jajibere aka riƙe.

Ba kowa ne ya yi murna da wannan haɗi ba. Mabiya Otodoks, waɗanda suke kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na jama'a, da 'yan asalin Kareliya da dama, sun nuna cewa an juya musu al'ada. A wurinsu yaro mai reshe yana wakiltar yaran da suka tarbi Yesu ne, to ina dalilin sa masa kayan wadda take satar albarka? Kuma ladan da ake jira mako guda ya koma ciniki na hannu da hannu. Wasu kuwa suna ganin cewa ba domin haɗin ba, da al'adar ta tsaya a hannun 'yan tsiraru. Kowane ɓangare yana da hujja. Abin lura shi ne, mutanen da suka rasa ƙasarsu sun ba ƙasa duka kyauta, amma ba a tambaye su siffar da kyautar za ta ɗauka ba.

TEBURIN IYALI

Ista a Finlan hutu ne na kwana huɗu, daga Juma'a zuwa Litinin. Ko da yake fiye da kashi 60 cikin ɗari na jama'a suna cikin rajistar cocin Luta a shekarar 2023, a gida aka fi yin bikin. Wasu iyalai sukan tafi bukkokinsu na bakin tafki, wasu su nufi arewa domin wasan zamiya. 'Yan Otodoks sukan raya daren Asabar da ibada da zagayen coci riƙe da kyandir, kuma cocinsu na Finlan, saɓanin sauran 'yan'uwansa, yana yin Ista rana ɗaya da cocin yamma.

Abincin da ya fi alaƙa da bikin shi ne mämmi. Ana yin sa da garin hatsin rai, wani ɗan'uwan alkama mai jure sanyi, da tsiron wannan hatsi, da ruwa da gishiri da ɓawon lemo mai ɗaci. Akan dama da ruwan ɗumi a bar shi sa'o'i, tsiron ya mai da sitacin garin sukari, sa'an nan a gasa a hankali har ya yi baƙi-baƙi. Daniel Juslenius ya ambace shi a littafinsa game da birnin Turku a 1700. Amfaninsa a dā shi ne yana kwana da yawa bai lalace ba, ana cinsa da sanyi, saboda haka ya dace da Juma'ar da ba a hura wuta. Abincin azumi ne, amma yau da kirim da sukari ake shansa. A dā a cikin ɗan akwatin ɓawon itacen koivu mai farin jiki ake gasa shi. Yau masana'anta ce take yi, ta zuba a kwali, amma sai ta buga zanen ɓawon itacen a jikin kwalin.

Daga gabas aka sami pasha, wanda ake yi da cukwi mai laushi da man shanu da ƙwai da sukari, watau duk abin da azumi ya hana, a matse a cikin ma'aunin katako. Ƙwai kuwa abu ne mai daraja a dā, domin kiwon kaji bai yaɗu ba sai ƙarshen ƙarni na 19, a arewa ma akwatuna ake rataya wa agwagin daji a bishiya a ɗebi ƙwansu. Akan gaya wa yara cewa zakaran Ista ne yake saka musu ƙwai da dare. Tun 1896 kamfanin Fazer yake sayar da ƙwan Mignon, wanda ɓawon ƙwai ne na gaske da aka cika da alewar cakulan. Gasasshen naman rago bai zama ruwan dare ba sai a ƙarni na 20. Mako biyu kafin bikin kuma yara sukan shuka ciyawa a faranti su ajiye a taga, su sa rassan koivu a ruwa su jira toho. Jikokin manoma ke nan suna yin shukar bazara a faranti.

Lokacin yana rufewa da bukukuwan Fentikos, mako bakwai bayan Ista. A ƙauyen Ritvala 'yan mata sukan yi jerin gwano suna rera tsofaffin waƙoƙi. Wannan biki ya mutu a shekarun 1880, ƙungiyar matasan ƙauyen ta tayar da shi a 1904.

KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata, abubuwa uku nake so mu tafi da su. Na farko, al'ada takan fi dalilinta tsawon rai. Tsoron mutuwar saniya ya gushe, amma wuta da reshe da shigar mayya suna nan, sun sauka daga hannun magidanta zuwa hannun yara. Saboda haka mai nazari kada ya raina wasan yara, domin sau da yawa a nan ne ake samun abin da manya suka ajiye.

Na biyu, duk wanda ya ce wata al'ada tun fil azal take, a tambaye shi shekara da wuri. Mun iya cewa reshen daga gabas yake, mayyar daga yamma, haɗuwarsu kuma bayan yaƙi ne, saboda kawai an sami waɗanda suka rubuta sunan ƙauye da shekara a kan kowace takarda tun daga 1831. Ɗalibai, wannan aikin naku ne, kuma ba ya jira, domin tsohon da ba a tambaya bana ba, mai yiwuwa baɗi ba za a same shi ba.

Na uku ya shafi ma'aikatan gwamnati. Jami'an da suka zauna a Helsinki a 1945 suna raba filaye, lissafin eka da iyalai suke yi, babu wanda ya yi niyyar sauya bikin Ista, amma sun sauya shi. Duk takardar da ta tayar da jama'a daga wani wuri ta zaunar da su a wani, tana ɗauke da waƙoƙinsu da abincinsu da ibadarsu, kuma ƙaramar al'umma ce takan biya farashin haɗuwar. Ya kamata mai sa hannu ya san haka tun kafin ya sa.